Shanun da Mas'ud Ya Koya wa Turanci

"Wallahi ko sa ne, sa mai ƙaho da wutsiya, ku ba ni shi in hana shi jin kowane yare, kafin a gama huɗar bana sai ya ji Turanci!"

Wanda ya faɗi wannan magana a tsaye, a gaban mutanen gari, ƙarƙashin darbejiyar firamarenmu da ke gefen hanyar Doguwa, sunansa Mas'ud. Da ɗan fari ne da na ji nauyin kama sunansa. To ba ɗan fari ba ne, don haka zan kama sunan, in haɗa da kunnen. Ni na haife shi, ba na musu. Na duba danginmu, na duba na marigayi ubansa, ko zan ga wanda ya gado, ban samu ba. Dole na bar wa kaina.

Mas'ud ya taɓa yin gadi a ƙofar wani kamfani can Kudu. Da ya dawo ya zo mana da kwat guda, da baƙin tabarau, da Turancin da bai cika gwangwanin madara ba: kom, go, sitof, no furobulam. Da wannan ɗan jarin ya buɗe kanti a bakinsa, yake ta ciniki a kan mutanen gari.

Rigimar da ta tara mu kuwa kun san ta, ai ta cika rediyo. Yaran aji ɗaya da biyu, da wane baki za a koya musu karatu? Da wanda suka zo da shi daga gida, Turanci ya biyo a hankali, ko kuwa Turanci zalla tun ranar farko? Hedimasta Malam Hafizu ya ce shi ya gaji da zagin ɓangare biyu, iyaye su zo su yanke. Ga kuma kujerar shugaban iyaye ba kowa a kai, kuma duk wanda ya hau, maganarsa ce za ta yi nauyi. Wannan kujerar ita ce ke hana Mas'ud barci.

"Asibiti Turanci!" in ji shi, yana kaɗa yatsa. "Banki Turanci! Jarrabawa Turanci! Hausa kuwa ko akuyar garin nan ta iya, sai an kai yaro aji don ita?"

A nan fa ban ƙi ta tasa duka ba. Ni da kuke ji na taɓa shan maganin shafawa har cokali biyu saboda ba mai karanta mini kwalba. Cikina ya yi sanyi, gwiwar tana nan da ciwonta. Ina son jikokina su iya karanta kwalba.

Sai Buba ya miƙe. Buba Bafulatani ne na rugar bayan dutse, yana kiwo yana noma, kuma in yana magana sai ka rantse bashin kalmomin ya ciwo, a hankali yake fitar da su.

"Malam," in ji shi, "ɗana ya zo aji da Fillanci a baki, Hausa a kunne, kuka tarye shi da Turanci. Ya shekara yana zaune. Abin da ya kawo mini gida shi ne yes sa. Na ce mene ne yes sa? Ya ce abin da ake faɗa ne don kada a doke ka."

Aka fashe da dariya. Dariyar nan ita ta harzuƙa Mas'ud har ya saki maganar sa mai ƙaho. Buba ya dube shi, ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"To ai ga shanu a gidanka, Bature. Daneri da Ɓaleri, fari da baƙin nan da ka saya a wurina. Su huɗe gonar makaranta da Turanci. Ba mai ja a gaba, ba bulala, ba jan igiya. In sun yi, ni zan fara ɗaga maka hannu, ka hau kujera, a yi Turanci zalla. In ba su yi ba, ka cire bakinka daga maganar makaranta."

"No furobulam!"

Mai unguwa Audu ya ce an yarda? Muka ce an yarda, aka sa ranar gwaji. Ku duba hankali don Allah. Manya da furfura, maza a benci, mu mata a tabarma, muka ɗauki karatun 'ya'yanmu muka rataya a wuyan shanu, muka shafa fatiha, muka watse kowa na ganin an yi abin kirki.

Yana isa gida ya tara mu a tsakar gida: ni, da matarsa Hamdiyya, da 'yarsa Raihana mai aji biyu, da ɗan goye Imran. Shanun na ɗaure a bayan katanga suna tuƙa.

"Daga yau," in ji shi, "an hana Hausa a gidan nan. Joji da Wiliyam suna jin ku."

"Su wa?" in ji Hamdiyya.

"Shanun. Na canja musu suna."

"An yanka rago?"

"Hamdiyya, ba na son wasa. Katangar nan ba ta da kauri. In ina cusa musu Turanci da safe, kuna cusa musu Hausa da yamma, yaushe za su gane?"

"To Malam, sallama fa?"

"Larabci ne, an yafe."

"Kukan Imran fa? Don ni dai da Hausa nake jin yana yi."

Sai ni ma na sa baki. Na ce, "Kai, har ni?"

"Har ke, Inna. Af, Mami."

Na ce, "Gidanku!" Sai da na faɗa na tuna gidan nasu nawa ne.

Dokar ta fi yi wa Hamdiyya daɗi. Duk abin da ba ta son yi, ba ta gane ba. Ya ce wota, ta dubi sama. Ya nuna randa, ta dubi randa ta gyaɗa kai, kamar an nuna mata baƙuwa. Shi kansa mai dokar, da Turancinsa ya ƙare, wato kafin rana ta yi zafi, sai ya sulale can gindin tsamiyar bakin gari wurin abokinsa Ghali, ya yi Hausa ya ƙoshi kamar mai shan taba a ɓoye, ya goge baki ya dawo.

Wadda abin ya ci ita ce Raihana. Yarinyar da in ta fara ba ka labarin makaranta sai ka roƙe ta ta sha ruwa, ta koma kamar turmi a tsakar gida. Ubanta ya ce, "Kun gani? Ta natsu." Ni kuwa sai in ja ta ɗakina in saki labule, mu yi ta raɗa kamar masu sayar da kayan sata.

Darasi kuma kullum da safe a gonar bayan gida. Mas'ud ya ɗaura musu karkiya, ya kama garma, ya cika ƙirji.

"Joji! Wiliyam! Go!"

Shanu suka dubi juna.

"Go, na ce! Af. Go! Go!"

Farin ya kaɗa wutsiya, baƙin ya saki kashi. Mas'ud ya ce a ransa wannan ma amsa ce, ɗalibi dai ya motsa. Makwabtan gona suka bar aikinsu suka jeru a kan iyaka. Wani ya ce, "Bature, ko Turancin Amurka suke ji?" Wani ya ce a sayo musu allo.

Da ya ga abin ya ƙi, sai ya gano inda matsalar take: makwabta. Kowa na huɗa yana yi wa shanunsa tsawa da Hausa, iska na kawowa. Ya zo ɗakina ya farke mini matashin kai, ya kwashi auduga ya toshe wa shanun kunnuwa, sai lokacin darasi ya cire. Wata safiya ya dawo yana murmushi har kunne.

"Mami, yau sun saurara! Tun hantsi nake magana, ko kunne ba su kaɗa ba."

Na leƙa ta katanga. Audugar na nan cunkushe, ya manta bai cire ba. Ban gaya masa ba, tunda ba ni da bakin gaya masa.

Ranar gwaji na matsowa, masarar mutane ta kai gwiwa, tamu tana nan cikin ciyawa ana karatu. Mas'ud ya fara ramewa. Yana ganin kujerar nan a ido, da tebur, da yara suna cewa gud monin Ciyaman, ga kuma Joji da Wiliyam ko go ba su haddace ba. A gindin tsamiya shi da Ghali suka ƙulla dabara. Shanun Fulani ba abin da suke so kamar dusa da aka barbaɗa wa kanwa, daga nesa suke jin ƙamshinta. To sai a hana su ita kwana da kwanaki, a rage musu harawa, su ji a jikinsu. Ranar gwaji a binne tasa guda cike da dusar a can ƙarshen gonar makaranta, a rufa ganye. Wannan ta tafiya ke nan. Ta dawowa kuwa, Ghali zai tsaya a wannan ƙarshen da ƙullin dusa a ƙarƙashin babbar riga, ya kafe kamar turke.

Kuna zaton ban sani ba? Buhun dusar a ɗakina yake, tasar ma tawa ce. Na gani na kau da kai. Ni da nake cewa yaron nan ba shi da kai, ni ce na aika aka guge mini sabuwar atamfa, don in abin ya faɗo daidai a ce ga uwar Ciyaman. Shi ya sa na ce muku na daina neman inda ya gado.

Ranar ta zo. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, kududdufin da ke bayan gonar makaranta ya cika ya yi ja. Mutane har daga Tudun Wada wasu suka zo a babur. Masu gyaɗa da rake suka baje. Aka ajiye wa mai unguwa Audu da hedimasta benci a gefe.

Sai ga Mas'ud cikin kwat da lakataye da tabarau, wando a naɗe zuwa gwiwa, yana biye da shanu kamar zai buɗe asibiti. Ya ɗaga igiyar hancinsu sama don kowa ya gani.

"An ce ba jan igiya ko? To ku shaida." Ya zagaya ta a ƙugunsa ya ƙulle tam.

Buba ya matso. "Bature, ba a ɗaura igiyar sa a ƙugu."

"Wannan a ruga ne. No furobulam."

"To," in ji Buba, ya koma ya dogara da sandarsa.

Mas'ud ya kama garma, ya gyara murya. "Joji! Wiliyam! Go!"

Iska ta kaɗo daga ƙarshen gona. Shanu suka ɗaga hanci. Jama'a, sai suka tafi! Suka tafi sak, garma na tsaga ƙasa, layi miƙaƙƙe kamar an ja zare. Da suka isa ƙarshe suka tsaya suka cusa kai cikin ganye, sai Mas'ud ya yi maza ya ce, "Sitof!"

"Sun ji! Wallahi sun ji!" in ji wani tsoho, ya cire hula.

Wata mata ta rangaɗa guɗa har sau uku. Ba sai na faɗi ko wace ce ba, tana sanye da sabuwar atamfa.

Mas'ud ya juyo ya ɗaga wa jama'a hannu. A ransa ya riga ya hau kujera, har yana tunanin ko a sa mata matashi. Shanu suka suɗe tasa, ya lallaɓa suka juyo, ya hango Ghali tsaye a wancan ƙarshen, ciki ya yi tulu a cikin riga.

"Kom!"

Suka taho. Sun kai rabi ke nan mai unguwa ya hango Ghali.

"A'a, wancan ba Ghali ɗan Malam Uba ba ne? Kai Ghali! Ka gan ni ka tsaya can kamar soja? Zo nan, yaya jikin mahaifin naka?"

To a garinmu babba bai kiran ka ka ce kana aiki. Ghali ya dubi Mas'ud, ya dubi mai unguwa, ya cire takalmi ya je ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, da sauƙi."

"Yana cin abinci?"

"Yana taɓawa, ranka ya daɗe."

"Ƙafar fa?"

Shanu suka karkata. Layin da ya taho sak ya lanƙwashe kamar lauje, ya nufi benci.

"Lef!" in ji Mas'ud. "Lef! Rayit! Sitof! Joji, sitof!"

Ghali ya ji huci a ƙeyarsa. Bai jira ƙarshen gaisuwa ba ya zabura, mai unguwa ya yi gabas da rawani a hannu, hedimasta ya haye benci yana rungume da jakarsa. Ghali na gudu, ƙulli ya kwance, dusa na zuba daga ƙasan rigarsa kamar buhun da ɓera ya huda. Shanu suka tsaya suna lasa.

Buba ya sunkuya ya dangwali dusar ya kai baki. "Kanwa ta ji," in ji shi. "Ashe Turanci a mudu ake auna shi."

Dariya ta tashi har masu rake suna riƙe ciki. Na ja mayafi na rufe rabin fuska. Amma kun san ɗan nawa, ko ƙasa ta tsage sai ya ce shi ya tsaga.

"Wannan hutun tara ne!" in ji shi. "Kowace makaranta ana ba yara abinci. A dakata a ga zagaye na biyu!"

Ana cikin haka sai ga Barakatu matar Buba ta ɓullo ta hanyar ruga, can ƙetaren kududdufi, da ƙwaryar nono a ka. Ita ta raini shanun nan tun suna maruƙa, uwar ɗaya ta mutu ita ta shayar da shi da hannunta. Ba ta san da wani gwaji ba, kasuwarta ta fito. Ta hango su, ta ga haƙarƙari a waje ana iya ƙirgawa. Ta sauke ƙwarya, ta dafa ƙirji, ta ɗaga murya irin kiran da suke yi wa garke da yamma, mai ja kamar waƙa.

"Daneri am! Ɓaleri am!"

Wato Danerina, Ɓalerina. Kunnuwa huɗu suka miƙe lokaci guda. Farin ya yi wani kuka da ban taɓa jin ya yi a gidanmu ba. Suka bar dusar, dusar da suka yi kwanaki suna mafarki, suka ɗauki hanya mafi kusa zuwa wurin Barakatu. Hanya mafi kusa kuwa ta tsakiyar kududdufi ta bi.

Garma ta fita daga hannun Mas'ud. Igiyar ƙugu ba ta fita ba. Ya bi su da gudu, ya bi su da tsalle, daga nan ya bi su da ciki. Tabarau ya yi nasa wuri, takalmi ya yi nasa. Ya share layin nan miƙaƙƙe da na yi wa guɗa, ya share shi tas da gaban kwat. Sai ji muka yi tsulum.

Allah ya taimaka ƙullin ya saki a tsakiyar ruwa. Shanu suka haye suna lasar hannun Barakatu, tana shafa su tana zagin wanda ya bar su da yunwa, da Fillanci, amma kowa ya gane. Mas'ud kuwa ya kafe a laka, ruwa iya ƙirji, gansakuka a ka, lakataye na yawo a gabansa. Ya ja ƙafar dama ta ƙi, ya ja ta hagu ta ƙara nutsewa. Wani abu ya taɓa shi a ƙasa, ko kwaɗo ne ko tarwaɗa. Ya buɗe baki iya ƙarfinsa:

"Wayyo Inna! Wayyo Allah Inna, ki cece ni, zan mutu!"

Na tako har bakin ruwa a hankali, saboda gwiwa. Na auna da ido na ga ruwan bai isa kashe kowa ba. Na juya wajen hedimasta.

"Malam Hafizu, me yaron nan yake cewa? Ni a gidanmu an hana Hausa, na kwana biyu ban ji ta ba."

"Inna, don girman Allah!"

"Wace ce Inna? Ni Mami na sani. Faɗa da Turanci in ji."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Ya lalubi kom, ya lalubi go, ya lalubi sitof, babu wanda zai fitar da mutum daga laka. Ko no furobulam ɗin ma ta nutse.

Buba ne ya miƙa masa sanda ya jawo shi. A nan bakin kududdufi, shi yana ɗiga, aka ɗaga hannu: a fara wa yara da bakin da suka zo da shi, na ruga a samo mai yi musu bayani da Fillanci, Turanci ya riƙa shiga tare a hankali har ya zauna. Kujera aka ba Buba. Raihana kuwa tun daga bakin ruwa ta fara ba ni labarin abin da na gani da idona, ba ta tsaya ba har gida.

Da yamma Hamdiyya ta wanke kwat ta shanya. Mas'ud ya fito daga ɗaki ya ce a hankali, "Hamdiyya, a ba ni ruwa."

"Au," in ji ta, "an dawo da ita?"

Yanzu haka in kun zo garinmu kuka tambayi gidan Mas'ud ba lalle a gane ba. Yaran makaranta sun raɗa masa suna, kuma sun bi hukuncin taro sak, rabi Turanci rabi Hausa. Ku ce gidan Mista Wayyo-Inna. Za a kawo ku har ƙofa, a nuna muku Mistan, sannan a nuna muku Innar.